Amsa ga ɗan ƙanwata kan al'adar bin rubutu sawu ɗaya

Assalamu alaikum, ɗana. Ina gajiya, yaya aiki, yaya cunkoson hanyar Yaba? Saƙonka ya iske ni bayan La'asar, na bari sai da na yi Isha'i na zauna, don tambayar ba ta amsar tsaye ba ce.

Ka ce an ba ka aikin gyara tsofaffin rubuce-rubuce, ka jera umarnin replace, mai musanya wani rubutu da wani, har 14 a yaren kwamfuta na Python, wannan na bin wancan, ka gwada ya yi aiki. Sai babban da ke duba aikinku ya dawo maka da shi ya ce "ba haka muke yi ba a nan, a bi rubutu sawu ɗaya." Kana tambaya ko akwai dalili, ko kuwa al'adar tsofaffi ce kawai da suka gada suke takura wa yara da ita.

Al'ada ce, ban musa ba. Amma ka san Kawunka bai yarda a rufe bakin yaro da "abin da babba ya hango" ba. In babba ya hango, ya nuna da yatsa. Shi mutumin naku ya yi daidai a hukuncin, ya gaza a bayani.

Ba ka riski kakanka yana sana'ar goro a nan Agege ba. Idan aka kwance huhu, sai ya baje goron a gabansa, ya ajiye kwanduna a gefe. Kowane goro ya ɗauka, kallo ɗaya yake yi masa: fari nan, ja can, wanda sankara ta ci a jefa baya. Ban taɓa ganin ya bi tulin don neman fari, ya dawo farko don neman ja, ya sake dawowa don neman ruɓaɓɓe ba. Kuma wanda ya riga ya shiga kwando ya shiga ke nan, hannu ba ya sake komawa kansa. Wannan na biyun shi ne asalin maganar, ka riƙe shi. Mutane suna ɗauka don sauri ake bin rubutu sawu ɗaya. Saurin yana nan, amma a baya yake. Babban dalilin shi ne kada canji na biyu ya taɓa abin da canji na farko ya ajiye.

Ni da kaina na sha wannan ruwan. Wajen lokacin da wayar GSM ta shigo ƙasar nan a 2001, ina yi wa wani kamfanin rarraba kaya aiki a Apapa. Aka ce farashi ya tashi: abin Naira 500 ya koma 700, na 700 ya koma 900, na 900 ya koma 1200. Na ce wannan ai aikin minti biyu ne. Na rubuta umarni uku a sed, wata manhajar canza rubutu a cikin fayil, na sake su a kan fayil ɗin, ban ko buɗe shi na duba ba, na tafi neman motar Oshodi. To sed yana bin umarnin ne ɗaya bayan ɗaya a kan kowane layi. Abin 500 ya zama 700, umarni na biyu ya tarar da shi a 700 ya mai da shi 900, na uku ya ƙarasa shi zuwa 1200. Kaya iri uku duk suka koma farashi ɗaya. Mafi muni, akwai wani abu na 1500 da ba a ce a taɓa shi ba. Na'ura ta ga 500 a cikin cikinsa, ya zama 1700, ya zama 1900, daga ƙarshe ya tsaya a 11200. Da safe wani ɗan kasuwa ya ga takardar ya tambaya ko zinariya aka zuba a kwalin. Ba a kore ni ba, amma na yi wata guda ana kirana da wannan lambar.

Za ka ce ai da na fara daga sama, 900 tukuna, sannan 700, sannan 500, da an zauna lafiya. Gaskiya ne, ban da shi 1500 ɗin. Akwai ayyuka da yawa da tsarin jeri kaɗai yake ceton su. Duba yadda ake tsare rubutu kafin a saka shi a shafin intanet: alamar < tana komawa &lt; ita kuma alamar & tana komawa &amp;. In ka bar & a ƙarshe, za ta afka wa & ɗin da kai da kanka ka saka, ka wayi gari da &amp;lt; a shafinka. Shi ya sa html.escape na Python yake fara canza & kafin komai, har sun rubuta gargaɗi a gefen layin. Amma aikin da lafiyarsa ta rataya a kan jeri, ranar da wani sabon yaro ya zo ya ƙara layi na 15 a tsakiya, ranar zai karye, kuma ba zai yi ƙara ba. Sannan akwai inda babu jerin da zai fisshe ka: a ce kowane "hagu" ya koma "dama", kowane "dama" ya koma "hagu". Ta ko'ina ka fara, duk za su zama abu ɗaya. A zamaninmu mukan ajiye ɗaya a wata baƙuwar alama tukuna, kamar mai musayar ruwan kofi biyu da ke neman kofi na uku. Yana yi, sai ranar da baƙuwar alamar ta kasance dama tana cikin rubutun.

Yadda ake yi a Python bai da wuya. Ka zuba duk canje-canjen a ƙamus guda, wato dict na Python, tsohon abu a hagu, sabo a dama. Ka ɗauki tsofaffin, ka wuce da kowanne ta re.escape, don aya da alamar tambaya da tauraro da alamar dala duk suna da wata ma'ana ta daban a rejeks, wato tsarin alamomin da ake neman rubutu da shi, in ba ka ɗaure su ba za su yi abin da ba ka aike su ba. Ka haɗa su da sandar nan | mai nufin "ko wannan ko wancan". Sai ka miƙa wa re.sub, umarnin da ke musanya abin da rejeks ya kama, amma a gurbin sabon rubutu ka ba shi ɗan ƙaramin aiki wanda zai karɓi abin da aka kama ya duba ƙamus ya dawo da madadinsa. Layi huɗu ne ko biyar. Na'ura za ta taso daga farkon rubutu zuwa ƙarshe, abin da ta canza ta wuce shi, ba waiwaye.

Wuri ɗaya ne yara suke faɗuwa a nan. Rejeks ɗin Python ba ya neman wanda ya fi tsawo, wanda ya fara cin karo da shi a jerin yake ɗauka. In kana son "Lagos" ya koma "Legas", "Lagos Island" kuma ya koma "Tsibirin Legas", ka sa gajeren a gaba, to za ka sami "Legas Island", rabi doki rabi jaki. Don haka ka jera su daga mafi tsawo zuwa mafi gajarta kafin ka haɗa. Kowane yaren kwamfuta da halinsa. A PHP, strtr in ka ba shi jeri yana fara gwada mafi tsawo da kansa kuma ba ya komawa kan abin da ya canza, alhali str_replace da ke zaune kusa da shi yana bi ne ɗaya bayan ɗaya, irin sed ɗina na Apapa. A Go akwai strings.NewReplacer, sawu ɗaya yake yi, amma in biyu sun dace a wuri guda, wanda ka fara rubutawa yake fifitawa. In kuma harafi ɗaya-ɗaya kake canzawa, kada ka wahalar da kanka da rejeks, str.maketrans da translate sun ishe ka.

Tunda ka ce rubutun Hausa ne, bari in tsaya nan kaɗan, don nan ne littattafansu ba za su taimake ka ba. Tsofaffin fayilolinmu cike suke da k' da d' da b', daga lokacin da allon rubutu ba shi da ƙ da ɗ da ɓ. Kowa yakan yi sauri ya ce k' ta koma ƙ, shi ke nan. To alamar nan ta sama aiki nawa take yi mana? Tana cikin sa'a da jama'a da ma'ana, tana gaban 'ya'ya, kuma wasu da ita suke buɗe zance su rufe. In marubuci ya rufe zance a kan kalmar da ta ƙare da k, kamar 'tak' ko 'kacok', sai ka ga na'ura ta haɗiye alamar ta ba ka taƙ. Maganinsa ka ce sai in harafi ne ya biyo baya za a canza. Kada ka manta da manyan haruffa, Ƙ da Ɗ da Ɓ, kowanne lambarsa daban a Yunikod, tsarin da ke ba kowane harafi lamba a kwamfuta. Ka kuma tambaya wa za a ba rubutun, don mu a Nijeriya 'y muke rubutawa, mutanen Nijar kuwa ƴ. Ga shi kuma alamar kanta iri-iri ce, akwai miƙaƙƙiya ta allon rubutu, akwai lanƙwasasshiya da Word yake sakawa da kansa. A ido ɗaya suke, a wurin na'ura ba su ko san juna ba.

Sai maganar iyakar kalma, wato \b, wadda da na san ta da 1500 ɗina bai zama 11200 ba. A Python 3 tana gane ƙ da ɗ a matsayin haruffa. A JavaScript kuwa haruffan Turanci da lambobi da layin ƙasa kawai ta sani, don haka a wurinta ƙ ba harafi ba ce, katanga ce. Ka nemi kalmar "asa" ita kaɗai, ta kamo maka cikin "ƙasa". Na ga wannan ya cinye wa wani yaro yini guda a Ikeja.

Yanzu sauri. A nan zan ɗan kare ka. In canje-canje uku ne ko biyar a gajeren rubutu, jerin replace ɗinka sau da yawa ya fi rejeks gudu, domin an rubuta shi da C, yare mai sauri, an goge shi sosai, shi kuwa re.sub yana dawowa cikin Python ya kira ɗan aikin nan duk lokacin da ya kama wani abu. Duk wanda ya ce maka rejeks ya fi sauri a kowane hali, ka ce ya buɗe timeit, ma'aunin lokaci na Python, ku auna. Inda lissafi yake juyawa shi ne in abu ya yi yawa. Rubutu a Python ba ya canzuwa a inda yake, kowane replace sai ya karance shi duka, in ya sami abin canzawa ya kwafe sabo. Fayil mai megabayit 100 da canji 200, ka sa na'ura ta karanta gigabayit 20. Kamar mai aike 200 a Tsibiri ne ya ce kowanne sai ya hau gadar Third Mainland ya dawo.

In kalmomin sun kai dubbai, shi ma rejeks ɗin Python zai fara haki, don a kowane gurbi yana gwada zaɓuɓɓukan ne bi da bi. Idan cikakkun kalmomi kake canzawa, akwai dabara mai arha: ka kama kowace kalma, ka leƙa ƙamus, in tana ciki ka canza, in babu ka bar ta. Leƙen ƙamus bai damu da yawan abin da ke ciki ba. In kuwa guntaye ne da kan iya faɗowa ko'ina, sai a koma ga Alfred Aho da Margaret Corasick, waɗanda suka wallafa hanyarsu a 1975 suna Bell Labs a Amurka. Matsalar ɗakin karatu ce ta kai su, neman kalmomi masu yawa a cikin tarin sunayen littattafai da maƙaloli, kuma sun ce ta ninka saurin binciken sau 5 zuwa 10. Suna dasa kalmomin ne kamar bishiya. Kasuwa da kasko da kashi duk suna hawa reshe ɗaya na k, a, s, sannan su rabu. Na'ura tana tafiya harafi bayan harafi, in reshe ya ƙare mata ba ta komawa baya a rubutun, akwai igiyar da aka riga aka ɗaura da za ta tsallaka da ita zuwa reshen da ya dace. Kalma goma ko dubu goma, tafiyar ɗaya ce. Da ita aka gina fgrep, manhajar neman kalmomi ta tsarin Unix, kuma a Python akwai pyahocorasick. Sai dai ita tana kawo maka duk abin da ta gani ne, har waɗanda suka hau kan juna, kai za ka zaɓi na farko kuma mafi tsawo. Amma don canji 14 kada ka ɗauko wannan, ba a yanka kaza da takobi.

Abin da zan ce ka yi gobe: kada ka je kana gardama, kada kuma ka je kana sunkuyar da kai kamar an kama ka da sata. Ka mayar da 14 ɗin nan cikin ƙamus. Ka rubuta gwaji guda uku, ɗaya na musaya irin hagu da dama, ɗaya mai gajere a cikin dogo, ɗaya mai zance da ya rufe a kan k. Ka gudanar da tsohon aikinka da sabon a kan fayil guda, ka sa diff, mai kwatanta fayiloli biyu, ya nuna maka inda suka saɓa. In ba su saɓa ko'ina ba, ka gaya wa babban naku haka cikin ladabi, ka ce duk da haka ka bi tsarin gidan. In sun saɓa, to ka ga abin da ya hango. Kuma ka ajiye kwafin asalin fayil ɗin kafin ka taɓa shi, ni ban ajiye ba a Apapa, da hannu na sake buga farashin nan har dare.

Ranar Juma'a in ka taso da wuri ka biyo ta Agege da kwamfutar, mu duba tare bayan an sauko daga masallaci. Ka taho da ɗaya daga cikin tsofaffin fayilolin, ina son ganin irin alamar saman da suka yi amfani da ita. Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata goron da ta aiko a nema ya samu, fari ne.

Kawunka.