Ta yaya zan gane rukunin kalma a Turanci, kuma yaushe ake sa a, an ko the?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Katsina, ina shirin jarrabawar WAEC. Na haddace rukunan kalmomin Turanci guda 8, amma da an ba ni jimla sai in rikice. Haka ma a, an da the, canki-canka nake yi. A taimaka mini.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Haddar da kika yi ba asara ba ce, sai dai ba ita ke warware matsalar ba. Kalmar Turanci ba ta yawo da rukuninta a goshi, aikin da take yi cikin jimla shi ke nuna ko mece ce ita.

Ɗauki kalmar fast. Idan aka ce Muslims fast in Ramadan, aikatau ce, wato suna azumi. A cikin The fast ends at sunset ta koma suna, azumin kansa. A fast car kuwa sifa ce, tana siffanta motar, amma a He drives fast bayanau ce, domin yadda yake tuƙin take bayyanawa. Kalma ɗaya, aiki huɗu. Saboda haka ki riƙa duba maƙwabtanta: me ya gabace ta, wa take yi wa hidima? Kada kuma ki dogara da zancen nan cewa duk kalmar da ta ƙare da -ly bayanau ce. Friendly da lovely sifofi ne.

A, an da the fitila ce a hannunki: kusan duk inda kika gan su, suna yana tafe, ko da sifa ta shiga tsakani. Tsofaffin littattafai na lissafa su cikin sifofi, na zamani kuma sun ware musu rukuni tare da irin su this da my, shi ya sa za ki ji wasu na cewa rukunan 9 ne.

Ai Hausa ma tana da makamancin wannan. Muna cewa: "Na ga wani yaro. Yaron yana kuka." Da farko baƙo ne, a karo na biyu mun san shi. Haka Bature zai ce I saw a boy. The boy was crying. Amma kamanceceniyar ba ta cika ba, kuma a nan ɗalibaina suka fi tuntuɓe. Mu sai mu ce "shi malami ne", "rana ta fito", ba wani ƙari. Turanci ba ya yarda sunan abin da ake ƙirgawa ya tsaya tilo haka tsirara, dole a ce He is a teacher, The sun has risen.

Tsakanin a da an, kunne ke hukunci, ba ido ba. An hour, an honest man, domin ba a furta h ɗin, ko da yake mu Hausawa mun saba furta shi. A university, a European, domin da sautin "yu" suke farawa.

Abin da ya fi damuna in ina duba rubutun ɗalibai shi ne an advice, an information, a furniture. Waɗannan ba a ƙirga su, don haka ba sa ɗaukar a ko an, ba a kuma yi musu jam'i. Ki ce some advice ko a piece of advice.

Sunayen wurare kuwa sai an kula da su ɗaya-ɗaya. Koguna da hamada suna ɗaukar the: the Sahara, the Niger in kogin Kwara ake nufi. Ƙasar kuwa Niger kawai ake cewa, haka ma Lake Chad. Kafin jarrabawa, kullum ki ɗauki sakin layi ɗaya na jaridar Turanci, ki ja layi ƙarƙashin kowane a, an da the, ki nemo sunan da ya rako.