Amsa: ƙanina mai galahanga (autism) ba ya cin komai sai farar shinkafa da burodi

'Yar'uwa, kin tambaya ko taurin kai ne ke hana ƙaninki, wanda ya haura shekara 25, taɓa miya da ganye. A ganina ba haka ba ne, domin masu galahanga da yawa suna jin santsi, ƙamshi da ɗumin abinci fiye da yadda muke ji, har yauƙin kuɓewa ko warin daddawa ya zame musu azaba. Farar shinkafa kuwa kullum ɗanɗanonta ɗaya ne, shi ya sa hankalinsa ya kwanta da ita. Tun 2013 likitocin ƙwaƙwalwa suka sanya irin wannan ƙin abinci, idan ya tsananta, cikin lalurorin da ake dubawa, da sunan ARFID.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙarancin sinadarin ƙarfe da bitamin C da B12, da kuma taurin bahaya, saboda haka ki kai shi a gwada jininsa kafin a sayo masa wani magani.

Don Allah kada a tilasta masa, kuma kada a ɓoye wani abu a cikin shinkafarsa, domin idan ya gane, ita ma zai iya daina ci. Ki ajiye sabon abu kaɗan a wani kwano daban, wanda ya yi kama da abin da ya saba, kamar ƙwai dafaffe ko wake, ki bar shi ya zaɓa da kansa, tunda babba ne. Wasu masu galahanga ba sa gane yunwa sai ta yi tsanani, don haka tsayayyen lokacin cin abinci zai taimaka masa.