Ina aikin kwana uku a mako a Ingila, an ce ba ni da rabo a ranakun hutu

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Na biyo maigidana Ingila, shi yana aikin asibiti, ni kuma ina aiki a gidan kula da tsofaffi a Bamingham ran Talata, Laraba da Alhamis. Masu zuwa kwana biyar suna da hutun kwana 20 da kuma ranakun hutun ƙasa guda 8, duk da albashi. Ni kwana 12 kawai aka rubuta min. Manaja ta ce tunda ba na zuwa ran Litinin, waɗancan ranakun ba su shafe ni ba. Matan rukuninmu na WhatsApp sun ce in ja bakina in yi shiru, wai mai aikin 'yan kwanaki ba ya da hutu, kuma in na matsa za a taɓa min biza. Wallahi hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, kwantar da hankalinki, ke ce mai gaskiya. Doka ta ba kowane ma'aikaci hutun mako 5.6 a shekara da albashinsa. Mai kwana biyar ya tashi da kwana 28, wato 20 ɗin nan da 8 da kika lissafa. Ke mai kwana uku naki 16.8 ne, kuma ba a yarda a zubar da ɗigon a mayar da shi 16 ba. Tunda 12 aka ba ki, kina bin su kwana 4.8 a kowace shekara. Dokar ba ta damu da wace rana kike zuwa ba. Gaskiya ne huɗu daga cikin takwas ɗin kusan kullum ran Litinin suke faɗowa, wato Litinin ta Ista, biyu a watan Mayu da ɗaya a ƙarshen Agusta, amma hakan na nufin ki ci naki a wasu ranakun da kika zaɓa ne.

Manajoji masu ɗan karatu kan fake da shari'ar wani ma'aikaci McMenemy da kamfanin Capita ta 2007, inda kotu a Sikotland ta ce ba a zalunce shi ba da aka ƙi rama masa ranakun hutun ƙasa na Litinin, tunda ba ya aikin Litinin. A lokacin hutun doka mako huɗu ne. Sai a 2009 ya kai 5.6. Yau hukuncin zai iya yin tasiri ne kawai a kan ƙarin da kamfani ya bayar bisa abin da doka ta wajabta.

Yanzu bari in zo kan matan rukuninku, don su ne suka fi ɓata min rai. Manaja dai kuɗin kamfani take karewa. Su fa, me suke karewa? Kusan kullum sai wani ya zo min da maganar nan ta biza, kuma in ka bi salsalarta ba za ta wuce "wata ta ce wata ta ce" ba. Ke bizarki a jikin ta maigidanki take. Gidan tsofaffin nan bai ɗauki nauyinki ba, ba shi da alƙalamin da zai soke ta. Wanda kamfani ya ɗauko da takardar ɗaukar nauyi, shi kam dole ya taka a hankali ya nemi shawara kafin ya ja daga, domin zamansa na rataye da aikin, amma ko shi haƙƙin hutunsa daidai yake da na ɗan ƙasa. Tun shekarar 2000 akwai dokar da ta hana a fifita mai cikakken mako a kan mai 'yan kwanaki, kuma muzguna wa ma'aikaci don ya nemi hutunsa laifi ne mai zaman kansa.

Illar jita-jitar ita ce lokacin da take cinye wa mutane. Ƙa'idar da aka daɗe a kanta a kotun ma'aikata ita ce wata uku ban da kwana ɗaya daga ranar da aka tauye ki, kuma kuɗin baya da za a iya ƙwato miki bai wuce na shekara biyu ba. Sai mace ta yi shekara huɗu tana haƙuri, ta bar aikin, ta yi wata shida a gida, sannan ta zo ofis da takardu cike da leda. Me zan yi mata? Waɗanda suka ce ta yi shiru ba za su biya ta ko fam ɗaya ba. Abin mamaki, rukunin da ke cewa ba ki da hutu shi ne gobe zai rantse cewa doka ta ce a ninka albashi ran Kirsimeti. Wannan ma babu shi. Ninki ko ɗaya da rabi sai in kwantiraginki ya faɗa, kuma gidan da ke aiki dare da rana zai iya sa ki aiki a ranar.

Ki ɗauko kwantiragi da takardun albashinki, ki tura wa manaja imel da lissafin: 3 sau 5.6. A rubuce nake so, ban da maganar baranda. In ta ƙi, ki shigar da koke ta hanyar da kamfanin ya tsara, ki kuma kira ACAS, hukumar sasanta rikicin ma'aikata da masu ɗaukarsu aiki, kyauta ne, kuma dama sai an bi ta kansu kafin a je kotu. Ki sani koken cikin gida ba ya tsayar da wa'adin nan.

In kwanakin sun dawo hannunki, ki ware na Sallah, tunda ba ta cikin ranakun hutun ƙasar. Ana so ki sanar da wuri, aƙalla ninki biyu na kwanakin da kike nema, kuma suna da ikon cewa a'a in sun faɗa a kan lokaci. Saboda ganin wata, ki nemi kwana biyu a jere.