Ku Tambaya Mu Amsa: Ban iya iyo sosai ba, amma inaso in ga ƙarƙashin teku

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Dan Allah shawara nake nema, ni da maigida zamu tafi hutun kwana 7 Zanzibar, shi ya dage sai mun koyi nutso irin wanda ake goya silinda a baya, ni kuma wlh iyon ma ɗan taɓawa kawai nake a wurin iyo na otal, teku kam ban taɓa shiga ba. Inaso in ga kifayen nan masu kala kala da nake gani a bidiyo amma gabana faɗuwa yake. Ya zanyi?
Daga wata ƙanwarki

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kwantar da hankalinki, abu biyu ne kika haɗa wuri ɗaya kuma na farkon da sauƙi sosai.

Na farko shi ne sinokil. Kwanciya kawai zakiyi ruf da ciki a saman ruwa, gilashi ya rufe miki ido da hanci, ɗan bututu a baki kina numfashi ta cikinsa, ga rigar ceto a jikinki, kuma ruwan gishiri yafi ruwan otal ɗaga mutum. Ki fara a inda ruwa bai wuce ƙugu ba, ki sa fuska kiyi numfashi goma a hankali ki ɗago, ki sake, har jikinki ya yarda cewa iska na zuwa. In ruwa ya shiga bututun ki fesa shi da ƙarfi kamar zaki ce "tu!" zai fita. Gilashin kuma yana yin hazo, ki tofa yawu a ciki ki goga da yatsa ki ɗan ɗauraye kafin ki saka, kar kiji ƙyama kowa haka yakeyi. Sai ki sa riga mai dogon hannu da dogon wando na iyo, dan rana tana gasa baya da sha-raɓa mutum bai sani ba sai dare yayi. A kusa da tsibirin Mnemba ake yawan kai masu sinokil, ki zauna kusa da mai jagora saboda ruwa yana jan mutum, kuma dan Allah kar ki taka murjani, wato abin nan mai kama da dutse mai rassa da ke ƙasan teku, abu ne mai rai, ƙafa ɗaya tana karya abinda ya ɗau shekaru yana girma.

Na biyun, wato sukuba, nutso da silinda a baya, shi ne na maigida. Akwai na gwaji na rabin yini, PADI, ƙungiyar da ke horar da masu nutso, suna kiransa Discover Scuba Diving, malami yana gefenki har ki fito kuma ba'a wuce zurfin mita 12, amma ba satifiket. Sai cikakken kwas ɗin Open Water, kwana 3 zuwa 4, da karatu da atisaye a ruwa mara zurfi sannan nutso 4 a teku, in kin gama zaki iya zuwa mita 18. Shi wannan dole sai kinyi iyon mita 200 ba tsayawa, ba'a ƙirga miki lokaci, sannan ki zauna a saman ruwa minti 10. To ni a ganina ki bar maigida yayi kwas ɗinsa, ke kiyi sinokil kwana biyu, in kinji zuciyarki ta natsu sai kiyi na gwajin. Kar ki bari a tura ki, wanda ya shiga ruwa dan kunyar wani shi ne yake firgita a ƙasa.

Ni ranar da na fara, a durƙushe nake kan yashi ruwan bai fi mita biyu ba, bana jin komai sai ƙarar numfashina da kumfa tana bi ta gefen kunnena, malama tace in bar ruwa ya cika gilashina. Ruwa na taɓa hancina naji kamar in miƙe in gudu, ta riƙe hannuna ta nuna min da yatsa in ja numfashi ta baki, na danna saman gilashin na ɗaga kai na fesa iska ta hanci sai gashi ruwan ya zube idona ya washe, ga wani ɗan kifi rawaya ya tsaya daidai fuskata yana kallona. Daga nan tsoron ya ragu sosai.

Doka ɗaya ki riƙe ta gam, ba'a riƙe numfashi in ana goye da silinda. A mita 10 matsin da ke kan jikinki ya ninka na sama sau biyu, in kika cika huhu a can kika taso baki fitar ba iskar zata kumbura ta ji miki ciwo. Kunne ma tun a mita na farko zaki fara toshe hanci ki hura a hankali, kar ki jira sai yayi zafi, in ya ƙi ki ɗan hau sama ki sake. Mai mura baya nutso. Mai ciki ma haka. Za'a baki fom na lafiya, in akwai asma ko ciwon zuciya ki faɗi gaskiya likita ya duba ki tukuna. Kuma ɗaga babban yatsa a ruwa nufinsa mu hau sama, "lafiya lau" kuwa zobe akeyi da babban yatsa da manuni.

Ki duba watan tafiyar ma, daga Maris zuwa Mayu ruwan sama yake da yawa a can.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Zanje tsibiran Maldif kwana 5, na tsara nutsona na ƙarshe da safiyar ranar da zan dawo, jirgi kuma sai dare. Wani abokina yace akwai matsala, da gaske ne?
Daga wani ɗanki

AMSA: Da gaske ne ɗana, ka gode wa abokin nan. Abinda kake shaƙa a silindar iska ce irin wadda muke shaƙa kullum, mafi yawanta naitirojin, kuma a ƙasan ruwa jiki yana tsotse naitirojin ɗin, sai a hankali yake fita bayan ka fito. Shi yasa ake tasowa sannu sannu har a tsaya minti 3 a mita 5. In ka hau jirgi da wuri matsin iska ya ragu, sai naitirojin ɗin ya zama kumfa a jini da gaɓoɓi kamar lemon kwalba da aka buɗe da sauri, ciwon gaɓoɓi, jiri, wani har shanyewar jiki. Ƙa'idar ita ce aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 in kayi da yawa ko kwana da kwanaki kana yi, malamai da dama ma cewa suke ka bari awa 24 ta cika. Tunda kwanaki zakayi kana shiga, ka matsar da na ƙarshen ya koma safiyar jajibirin tafiya, ranar dawowa kuma in ruwan na kiranka ka ɗau gilashi da bututu kayi sinokil a sama, shi ba ruwansa da jirgi.