Amsa ga Hajiya kan neman gurbin karatun rawa da wuri a Amurka

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin ce 'yarki tana ajin ƙarshe na sakandare, rawa take son karantawa a jami'a, kina tambaya ko ta shiga Early Decision, wato tsarin neman gurbi da wuri a makaranta ɗaya bisa sharaɗin in an ɗauke ta can za ta je. Ni dai shawarata kar ta shiga, sai in makaranta ɗaya ce tal a ranta kuma kuɗinta ba zai gagare ku ba.

Shi fa alkawari ne, ke ma sai kin sa hannu. Yawanci ana rufewa 1 ko 15 ga Nuwamba, sakamako ya fito tsakiyar Disamba, in sun ɗauke ta dole ta janye sauran takardunta tun ba ku ga tallafin da wasu za su bayar ba. Early Action kuwa, shi ma neman gurbi da wuri ne amma babu wannan ɗaurin, kuna da har 1 ga Mayu ku zaɓa.

Sannan harkar rawa daban take, in digirin BFA (digirin farko na ƙwarewa a fasaha) take nema maki kaɗai ba ya shigar da yaro, sai an yi odishan, wato gwajin rawa a gaban masu tantancewa, kuma makarantu da yawa sai Janairu zuwa Maris suke yin nasu. Juilliard ma, shahararriyar makarantar rawa da kiɗa ta New York, 1 ga Disamba take rufe karɓar takardu. Tawa 'yar ta nace sai ta nemi wata makaranta da wuri, muna cikin shiri a Oktoba ta gurɗe a idon sawu, ga bidiyon gwaji ba a ɗauka ba, haka muka kama hayar situdiyo na awa ɗaya ina riƙe da waya hannuna na rawa, ita kuma duk juyin da ta yi sai ta cije leɓe, ƙafa naɗe da bandeji. Ba su ɗauke ta ba, ta sha kuka, ni kuwa a raina hamdala nake don kuɗin wajen ya fi ƙarfinmu wallahi. Zuwa Fabrairu ta warke, ta yi odishan uku da ƙafarta lafiya lau, biyu suka kira ta.

Amma fa 'yarki ta tura takardu da wuri, wannan kam dole. Common App, shafin da ake tura takardun neman jami'o'i da yawa, tun 1 ga Agusta yake buɗewa, kuma wasu makarantun sai kin tura za su ba ki damar zaɓar ranar odishan, in kika yi jinkiri ranakun kusa da gida sun cika sai kuɗin jirgi da otal. Ki tambayi malamar rawarta ma ko solo ɗinta, wato rawar da za ta yi ita kaɗai, ya nuna, in ta ce da saura ku jira Janairu.