Na'urar saita numfashi ga mai ciwon firgita

Malama, kin tambaya ko na'urar tana taimaka wa mai faɗuwar gaba da sarƙewar numfashi. Tana yi. Haki ne ke zubar da iskar kabon (wadda muke fitarwa in mun yi numfashi) daga jini fiye da kima, sai jiri da mutuwar yatsu su biyo baya.

Irin Freespira ta Amurka, siririn tiyo ake sa wa a hanci, yana auna iskar, kina gani a allo. Ana amfani da ita don koyon rage haki, minti 17, safe da yamma, mako 4. Numfashi 13 a minti a makon farko, sannan 11, 9, 6. Kada ki cika ƙirji, nan mutane ke ɓata aikin. Shaƙi kaɗan ta hanci.

Amma fara ganin likita nan Maradi, ya duba zuciya, asma da ƙarancin jini.