Amsa ga mai tambaya kan salwa da zafin bazara

Wa alaikumus salam, Hajiya. Na ga tambayarki: tun shigowar Afrilu salwarki ta rage ƙwai, tana buɗe baki tana haki, kina neman ganyen da za ki ba ta. Shekara 6 ke nan ina kiwonta a nan Maraɗi, kuma bazara ta taɓa yi mini ɓarna, shi ya sa na ce bari in tsaya in amsa miki.

Salwa ba ta gumi. Jikinta da ma yana kai 41, to in iska ta haura 40 kamar yadda muke gani a Afrilu da Mayu, ba ta da hanyar fitar da zafi sai haki. Hakin nan ne ke taɓa sinadarin da take gina ɓawon ƙwai da shi, shi ya sa za ki ga ƙwan ya yi laushi yana fashewa a hannu. Ga cin abinci ya ragu. Wadda ta saba cin giram 25 zuwa 30 a rana sai ta ɗan tsattsaga ta koma bakin ruwa.

Abin da na fi amincewa da shi zogale ne, kuma Allah ya hore mana shi a garaken Jiratawa da bakin Gulbi. A inuwa nake shanya shi, don rana na kashe amfaninsa, in daka, in tankaɗe. Giram 20 zuwa 30 nake sawa a kilo ɗaya na abinci. Kada ki ce tunda yana da kyau bari ki cika. Na taɓa ninkawa, suka ƙi abincin, kashinsu ya yi ruwa. In kin daidaita, cikin mako biyu za ki ga kwaiduwa ta yi ja sosai, masu saye ma suna lura.

Bayan shi sai garin ɗan kuka, farin nan mai tsami, saboda bitamin C da ke cikinsa. Nakan jiƙa cokali ɗaya a lita 4, in tace, in ba su da hantsi. Amma ki zubar da ragowar kafin la'asar ki wanke mazubin, don cikin zafin nan nan da nan yake lalacewa. Citta da kurkum ɗan barbaɗe kawai. Tafarnuwa kuwa na daina, ta fara fita a ƙanshin ƙwai. Ganyen dogon yaro da wasu ke cewa a dafa musu, ni ban ba da shawara ba, ɗacinsa na hana su shan ruwa, alhali ruwan ne ransu.

Yanzu ga inda na yi kuskure, Hajiya, kuma don shi na rubuta duk wannan. Shekarata ta biyu na dogara da zogale, na bar su a ɗaki mai rufin kwano, a cunkushe. Rana ɗaya tsakanin azahar da la'asar na kwashe matattu sun fi 30. Har yau in na tuna raina na ɓaci, don laifina ne. Washegari na shimfiɗa kara da zana bisa kwanon, na buɗe tagogi, na raba su keji biyu. Ruwansu daga randa nake ɗiba, in sauya sau 3 a rana. Abinci kuma da asuba da bayan la'asar, don narkar da shi ma zafi yake ƙara musu.

In kika ga mutuwa ba ta tsaya ba bayan kin gyara waɗannan, ko kashi kore, ko wuya na murɗewa, to ba zafi ba ne kaɗai, ki kira likitan dabbobi a ranar. Ki faɗa mini guda nawa gare ki da girman kejin, in lissafa miki zogalen da zai ishe ki.